Kafin Ka Ɗaga Anka, San Inda Za Ka Kwana

Ƙannena, maza da mata, akwai ilimin da kakanninmu suka ga ana aiki da shi a gaban idonsu, amma ba su kawo mana shi gida ba. Alhazan ƙafa da suka ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tafe suna noma suna tara guzuri, ƙarshen ƙasa a wurin da yawansu shi ne Sawakin, a bakin Bahar Maliya. Daga nan sai su shiga jirgin katako mai zane wanda iska ke turawa, su danƙa ransu ga Allah, sannan ga wani matuƙi da ba su san ko sunansa ba, ya haye da su Jidda. Sun ba da labarin amai da ƙishirwa da fargaba. Abin da matuƙin nan yake dubawa sa'ad da ya tsaya a goshin jirgi ya kafa wa ruwa ido, wannan kam bai zo cikin labarin ba, domin su fasinja ne, hankalinsu yana Makka.

Yau jikokinsu suna nan a Sawakin da Fot Sudan, teku na bakin ƙofarsu. A cikinku kuma akwai masu karatun aikin jirgin ruwa, akwai masu burin wata rana su riƙe akalar jirgi da hannunsu. Shi ya sa nake so mu zauna a kan tambaya guda. Idan aka ba ka ƙaramin jirgi mai zane, aka ce ga gaɓar da ba ka taɓa bi ba, ta yaya za ka san inda za ka dosa, da inda za ka jefa anka ka kwana? Zan ɗauki gaɓar Sudan, daga Sawakin zuwa arewa, domin ita ce tekun da tarihinmu ya taɓa, kuma tana cikin gaɓoɓin da ba sa yafe ganganci.

Wurin kwana ake fara zaɓa, sannan a gina tafiyar yini a kansa. Madugun fatake ba ya bari a ɗaura wa jakuna kaya sai ya san zangon da za a sauka, ya san ko rijiyarsa na da ruwa, ya san da wace rana ya kamata a isa. Sabon matuƙi yakan juya lissafin. Sai ya dubi wuri mafi nisa da ya ji ana yabo, ya ce bari in matsa iyakar iyawata, inda dare ya same ni na nemi mafaka. A tudu wannan tunani yakan jawo wahala. A gaɓar Sudan yakan jawo asarar jirgi, wani lokaci har da rai.

Dalili yana cikin yadda Allah ya gina wannan gaɓa. Duwatsun murjani, waɗanda mutanen wurin ke kira sha'ab, sun yi wa bakin ƙasa katanga kusan daga farko har ƙarshe. A can waje kuma akwai wani jerin duwatsun, kamar Towartit da ke tsakanin Sawakin da Fot Sudan, da Sha'ab Rumi da Sanganeb. Tsakanin jerin biyu akwai hanyar ruwa mai zurfi wadda ƙananan jirage ke bi. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne murjani a tsaye yake tasowa, kamar bango. Kana iya kasancewa a kan ruwan da zurfinsa ya wuce mita 100, kafin ka ƙara tsawon jirginka sau biyu ko uku gaba, dutse yana taɓa fatar ruwa. A gaɓar da ƙasa ke tasowa a hankali, na'urar auna zurfi tana yi maka gargaɗi tun da nisa. A nan takan yi magana ne bayan aikin gama ya gama. Ga shi cika da janyewar teku a wannan yanki kaɗan ne ƙwarai, saboda haka wanda ya hau dutse ba zai zauna yana jiran ruwa ya cika ya ɗauke shi ba, kamar yadda ake yi a wasu tekuna.

Mafaka a wannan katanga ita ce marsa, wato tsagar da ke ratsa murjani ta shiga cikin ƙasa. Yawancinsu a bakin busassun kwaruruka suke, inda ambaliya daga duwatsun Bahar Maliya kan gangaro da ruwan daɗi da laka, murjani kuwa ba ya son ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka tun kana gida, da ka ga kwari ya sauko teku a taswira, ka sa ran akwai ƙofa a bakinsa. Daga Fot Sudan zuwa arewa za ka ga sunayensu a jere: Marsa Darur, Marsa Arus, Marsa Fijab, Marsa Arakiyai, Marsa Salak, Marsa Inkeifal, sannan bayan an zagaye Ras Abu Shagara, Khor Shinab mai lanƙwasa, wanda ya kutsa cikin hamada har jirgi ya ɓace wa teku. Waɗannan su ne zangunan. A cikinsu ruwa kwance yake ko da teku na tafasa a waje. Amma ƙofofinsu ƙunci gare su, murjani a dama, murjani a hagu, kuma alamomin ƙarfe da aka kafa a wasu kan faɗi ko su karye a daɗe ba a mayar ba.

To da me ake shiga? Da ido, kuma ido sai da rana. A nan nake so ku tsaya ku ji da kyau, domin wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a duk maganar.

Ruwan Bahar Maliya garau yake, babu babban kogi da ke zuba masa laka, shi ya sa launinsa ke faɗa maka abin da ke ƙasa. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Idan ya fara haske yana komawa kore-kore, ƙasa ta matso, kuma yawanci yashi ne. Idan ka ga ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya, murjani ne kusa da sama, ka kauce. Fari tas yashi ne a ruwa ɗan kaɗan, wanda ko ƙaramin kwalekwale sai ya yi hankali. Amma duk wannan karatu ba ya yiwuwa sai rana tana sama, kuma tana bayanka ko a gefenka. Idan tana gabanka, ruwa ya zama madubi, ƙyalli kawai za ka gani. Yanzu ka duba yadda gaɓar take. Ƙasa tana yamma, teku yana gabas. Duk mai shiga marsa yamma ya fuskanta, rana kuwa daga azahar yamma take gangarawa. Wanda ya iso ƙofar marsa da la'asar sakaliya, rana ce za ta tare masa ido a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Don haka lokacin shiga daga hantsi ne zuwa azahar. Bayan nan kowace sa'a tana rage maka gani.

Mutum guda ya hau sama, ko a kan jigo ko aƙalla ya tsaya a goshi, domin gwargwadon tsayinka gwargwadon yadda kake hango ƙasan ruwa. Ya sa tabarau mai kashe ƙyalli idan akwai. Ku shirya alamun hannu tun kafin ku isa, ku kuma yarda a kan abu ɗaya: hannu yana nuna inda za a bi ne, ko yana nuna dutse? Ƙaramar magana ce, amma rashin daidaita ta yana iya sa mai riƙe da akala ya karkata kai tsaye zuwa abin da ake gudu. Ka shiga a hankali, da saurin da idan ka taɓa ba za ka fashe ba. Idan gajimare ya rufe rana, ka dakata a waje har ya wuce, domin inuwar gajimare a kan ruwa tana kama da dutse, kuma tana ɓoye dutsen gaske.

Iska ma tana da nata jadawali, kuma cikin ikon Allah ya dace da na rana. A arewacin Fot Sudan iskar arewa ce ke mulki kusan duk shekara. Sau da yawa takan lafa da dare zuwa asuba, ta fara tashi da hantsi, kafin la'asar ta yi ƙarfi, raƙuman ruwa gajeru masu tsayi su riƙa dukan goshin jirgi har ya kasa gaba. Mai zuwa arewa kenan iska a fuskarsa take. A watannin sanyi kuwa iskar kudu daga Babul Mandab takan hauro ta yi karo da ta arewa a wajejen kudancin Sawakin, sai a sami gajimare da yayyafi, ranakun da karatun launin ruwa ke wuya. A tsakiyar bazara, wajen Yuli da Agusta, iska mai ƙura takan fito ta tsagar duwatsun Tokar ta rufe gaɓa, dutsen da kake ɗauka alama ya ɓace.

Mu yi lissafi. Mil na teku mita 1,852 ne. A ce jirginka yana cin mil 5 a awa, zangon da ka zaɓa kuma yana da nisan mil 25. A takarda awa 5 ke nan. Amma jirgin zane ba ya shiga cikin iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu, wanda kan ƙara wa tafiyar rabin tsawonta ko fiye. Awa 5 ta koma 7 ko 8. Idan kana so ka kasance a ƙofar marsa kafin azahar, to sallar asuba a kan ruwa za ka yi ta, ko kuwa ka rage buri ka zaɓi zango mai mil 15. Kuma kada ka fita da zango ɗaya a ranka. Ka rubuta na biyu a rabin hanya, wanda za ka faɗa idan iska ta fi ƙarfinka, ka rubuta na uku a bayanka, wanda iska da kanta za ta kai ka idan ka juya. Ka sa wa kanka sa'a tun kana da natsuwa: idan ƙarfe kaza ta yi ban wuce wuri kaza ba, na juya. Shawarar da aka yanke da asuba ta fi wadda gajiya da yunwa za su yanke da rana.

Idan kuwa duk lissafi ya rushe, magariba ta same ka a waje, abin yi shi ne ka nisanci ƙasa, ka fita sarari inda babu murjani, ka kwana kana shawagi har gari ya waye. Dare ne mai wuya, amma ana ganin safiyarsa. Zuciya za ta riƙa ce maka ga mafaka nan kusa, mil biyu kacal. Kada ka saurare ta. A watan Disamba na 1991 jirgin fasinja Salem Express ya taso daga Jidda zuwa Safaga a Masar, cike da masu komawa gida, har da waɗanda suka fito daga Makka. Cikin dare da iska, aka bi gajeriyar hanya ta kusa da gaɓa maimakon doguwar ta waje, jirgin ya daki dutsen murjani na Hyndman, ya nutse cikin mintuna kaɗan. Fiye da mutum 400 suka rasu. Matuƙinsa ba baƙo ba ne a wannan ruwa. Idan dare ya yi wa ɗan gari haka, ina ga kai da ka zo jiya?

Yanzu maganar taswira. Na san ku 'yan zamani ne, wayarku tana nuna muku ɗigon jirginku yana tafiya a kan shuɗin allo, sai zuciya ta kwanta. Na'urar GPS tana faɗa maka inda kake, kuskurenta 'yan mitoci ne. Amma inda dutse yake, wannan taswira ce ke faɗa, taswira kuwa mutane ne suka auna ta a wani zamani da kayan aikin zamaninsu. Babban awon Bahar Maliya na farko da Turawa suka yi ya fara ne a 1829, a ƙarƙashin Robert Moresby da Thomas Elwon, da jirage biyu, Palinurus da Benares, suna jefa igiya mai dalma suna duban taurari. Aiki ne na jarumtaka, zazzaɓi ya kashe musu mutane. An sake auna manyan tashoshi da hanyoyin manyan jirage sau da dama tun daga lokacin, domin nan kuɗi ke bi. Ƙananan marsoshi da lungunan murjani, inda kai za ka kwana, ba su sami wannan gata ba. A nan taswira tana iya ajiye dutse ɗaruruwan mitoci daga inda yake, har ka ga ɗigon jirginka yana tafiya a kan tudu alhali kana tsakiyar ruwa. Taswirori da yawa suna da ɗan zane a gefe mai nuna shekarar da aka auna kowane sashe. Mutane kaɗan ke duba shi. Kai ka fara da shi.

Kada ka zaci wannan matsalar talakan matuƙi ce kaɗai. A Janairun 2013 jirgin sojan ruwan Amurka, Guardian, ya hau murjanin Tubbataha a Filifin. Taswirar kwamfutar da ake bi ta ajiye dutsen kusan mil 8 daga inda yake, sai da aka yanyanka jirgin gunduwa-gunduwa kafin a fitar da shi. A Nuwamban 2014 kuma jirgin tsere mai zane, Vestas Wind, wanda ƙwararru na duniya ke tuƙawa, ya afka wa duwatsun Cargados Carajos a Tekun Indiya da dare. Duwatsun suna cikin taswirarsu, amma ba sa bayyana sai an buɗe hoton sosai, su kuwa a taƙaice suke kallonsa. Darasin na biyu ya fi kusa da ku: duk hanyar da ka zana a waya ko kwamfuta, ka buɗe hoton iyakar buɗewa, ka bi ta taki-taki daga farko zuwa ƙarshe kafin ka tashi.

Abin da zamani ya kawo wanda na yaba ƙwarai shi ne hoton tauraron ɗan'adam. A ruwa mai tsabta irin wannan, murjani yana fitowa a hoto ɓaro-ɓaro, kuma yawanci a daidai wurinsa. Ka sauke hotunan kowace marsa da kake nufi tun kana inda akwai intanet, domin a can babu. Ka ɗora su kusa da taswira ka ga inda suka saɓa. Hoto ba ya faɗin zurfi, kuma dutsen da ke can ƙasa kaɗan yana iya ɓuya, amma yana nuna maka siffar ƙofa da inda farin yashi yake. Sai littattafan jagora: akwai na hukumar sojan ruwan Birtaniya mai bayanin Bahar Maliya da mashigin Adan, akwai kuma wanda Elaine Morgan da Stephen Davies suka rubuta don ƙananan jirage, mai zanen marsoshi ɗaya bayan ɗaya. Ka karanta, ka duba shekarar bugu, ka tuna alamar da marubuci ya gani tsaye wataƙila ta daɗe da faɗuwa.

Irin wannan rubutu ba Turawa suka fara shi ba. Ahmad bin Majid, mutumin Julfar a gaɓar Larabawa, ya rubuta Kitabul Fawa'id wajen 1490, ya keɓe sashen ƙarshe ga Bahar Maliya da duwatsunta da matsayanta, yana gina bayaninsa a kan abin da mahaifinsa da kakansa suka gani, domin su ma matuƙa ne a wannan teku. Tun kafin shi, a 1183, Ibn Jubair ɗan Andalus ya haye daga tashar Aizab zuwa Jidda a jirgin da aka ɗinke katakonsa da igiyar kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya. Ya sha wuya a tafiyar, amma bai fasa yaba gwanintar matuƙan ba wajen ratsa ƙuntatattun hanyoyi tsakanin duwatsu zuwa wurin tsayawa. Ilimin uba da kaka ne, aka tara shi ƙofa bayan ƙofa.

Magadan wannan ilimi suna nan da ransu: masunta 'yan Beja da sauran mutanen gaɓa, masu kwalekwalen huri da jirgin sambuk, a Sawakin da Muhammad Qol da Dungunab. Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma tana da hanya. Ka yi sallama, ka zauna, ka sha gahawarsu mai citta, kada ka fara da zaro waya kana nuna allo. Ka tambayi dattijo: Baba, idan iskar arewa ta yi ƙarfi, ina kuke fakewa? Ƙasan wurin yashi ne ko dutse? Da wane tsauni kuke saita ƙofa? Sannan ka tace amsar da hankalinka. Jirginsa rabin mita yake ci a ruwa, naka mita biyu. Idan ya ce akwai hanya, gaskiya ya faɗa, amma hanyarsa ce. Ka nuna masa da tsayin jikinka iyakar yadda jirginka ke nutsewa, ka sake tambaya. Kuma ka riƙe wani abu na alheri a hannu, sukari ko shayi ko ƙugiyar kamun kifi, domin wanda ya ba ka sanin da ya gada bai kamata ya tashi hannu wofi ba.

To ka shiga lafiya. Saura zaɓen inda anka zai sauka, kuma a nan ma gaggawa ke cutar da mutane, don jiki ya gaji yana son hutu. Ka zagaya wurin tukuna, a hankali, kana duban zurfi da launi. Farin yashi ko laka kake nema, a nan anka ke nutsewa ya kama. A kan murjani ko dai ya ƙi kamawa, ko ya kama ya ƙi fita, sarƙa kuma ta nannaɗe dutse cikin dare ta gajarce har ta riƙa fizgar jirgi. Ban da haka, murjani halitta ce mai rai, abin da sarƙa ta farfasa cikin dare ɗaya yana iya ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya dawo, kuma shi ne gidan kifin da masuntan nan ke ci da iyalinsu. Sanganeb da yankin Dungunab da tsibirin Mukawwar suna cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin gadon duniya a 2016. Baƙon kirki ba ya barin ɓarna a irin wannan wuri. Matuƙan dā sukan shafa kitse a gindin dalmar awo, idan ta taɓa ƙasa ta ɗauko yashi ko laka ko ɓarɓashin dutse. Dabarar tana aiki har gobe a inda ruwa ya yi duhu.

Tsawon sarƙa ma lissafi ne. Ka haɗa zurfin ruwa da tsayin goshin jirgi daga ruwa, ka ninka aƙalla sau 4, sau 5 idan ana sa ran iska, sau 7 idan igiya ce ba sarƙa ba. Zurfin mita 8 da goshi mita 1 sun zama 9, sau 5 mita 45 ke nan. Ka ƙara tsawon jirgin, a ce mita 12. Idan iska ta juya, jirginka zai zana da'irar da faɗinta ya haura mita 100, kuma dole duk cikinta babu dutse. Tana kuwa juyawa, domin da dare iska kan sauko daga tudu zuwa teku. Wurin da ya yi maka kyau da azahar, da ƙarfe biyun dare yana iya jingina bayan jirginka da murjani. Bayan ka saki sarƙa, ka ja da baya da inji a hankali har ta miƙe, ka ɗora hannu a kanta: idan tana karkarwa, anka yana jan ƙasa ne, ka ɗaga ka sake. Idan ruwa garau ne, wani ya sa gilashin ninƙaya ya leƙa ya gani da idonsa. Sannan ka nemi abubuwa biyu a tudu da suka yi layi ɗaya, kamar itace da ƙololuwar tsauni. Muddin suna a jere, kana nan inda kake.

Ingancin matsaya ba ƙaramin abu ba ne, har gari yana iya tashi ko faɗuwa a kansa. Sawakin ta yi ƙarnuka ita ce babbar tashar wannan gaɓa, da gidajenta na dutsen murjani. Da manyan jiragen tururi suka zo, doguwar ƙofarta mai ƙunci ta yi musu kaɗan, sai aka koma Marsa Shaikh Bargut a 1905 aka fara gina Fot Sudan. Ciniki ya bi jirage, gidajen Sawakin suka yi ta zubewa.

Akwai abin da ba ya cikin taswira ko kaɗan, shi ne hukuma da halin da ƙasa ke ciki. Baƙon jirgi ba ya faɗawa marsa kawai don ta yi masa kyau. Ana fara zuwa tashar shiga, Fot Sudan ko Sawakin, da ƙaramar tuta rawaya a sama, a nuna takardu, a karɓi izinin bin gaɓa. Wasu wurare akwai sansanin soja, a can arewa kuma yankin Halayib ne, wanda Sudan da Masar ke jayayya a kansa. Tun Afrilun 2023 Sudan na cikin yaƙi, a Mayun 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari Fot Sudan kanta, a kudancin tekun kuma a ƙarshen 2023 aka fara kai wa jirage hari daga Yaman. Ina faɗin wannan da baƙin ciki, saboda 'yan'uwanmu na cikin waɗanda abin ya shafa. Wani lokaci amsar tambayar ina zan dosa ita ce ba bana ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ruwan sha kuma ka ɗauko naka har da rara. Gaɓar busasshiya ce, Fot Sudan kanta da ruwan Khor Arba'at ta dogara, kuma madatsar ruwansa ta fashe a Agustan 2024. Kada ka isa ƙauyen masunta kana neman su raba maka abin da su ma da ƙyar suka samu. Kafin ka tashi, ka bar wa wani a tudu sunayen zangunanka da ranar da zai sa ran jin muryarka, rediyon jirgi kuma ya zauna a tasha ta 16, inda ake kiran gaggawa.

Abu na ƙarshe ana yin sa ne tun lokacin shiga, ko da yake amfaninsa sai da safe. Mai fita daga marsa gabas yake fuskanta, kuma da sassafe yake so ya fita don ya riga iska. Ranar da ta taimake ka jiya, yau tana cikin idonka, murjanin da ka gani sarai ya ɓace a ƙarƙashin ƙyalli. Saboda haka yayin da kuke shiga, mutum ɗaya ya riƙa waiwaye yana rubutawa: a kwana ta farko kamfas ya nuna kaza, zurfi kaza, alamar ƙarfe tana hannun dama, ta biyu ta karye saura gindinta. Ka bar na'ura ta zana sawun da ka bi, domin ko taswira ta yi kuskure, sawunka na jiya gaskiya ne. Da asuba ka bi shi a hankali, mutum a goshi, anka a shirye don ko inji zai mutu a cikin ƙofa. In ka fita sarari, ka ƙara a littafin irin ƙasan da anka ya kama, da yadda iska ta yi cikin dare, da kwanan wata, sannan ka buɗe shafin zango na gaba.